Tsuwar A-kori-kurata

Shekarar da na baro ƙauyenmu na kama ɗaki a Gyaɗi-Gyaɗi, ban san kowa ba sai tsohuwar a-kori-kurar da nake dakon siminti da ita cikin Tarauni. Ita nake yi wa hira a hanya.

Wata safiya injinta ya soma 'yar tsuwa, sak ta gyaren bayan gidanmu. Na ce fambel ne, bel ɗin da ke juya fankar inji, na goga masa sabulu yadda direbobi ke yi. Tsuwar ba ta daina ba, ni ma gaskiya ban so ta daina ba. Baƙin mai kuwa, kullum na duba a cike yake.

Ranar da tsuwar ta yi shiru, kafin in kai Daurawa injin ya buga.

Wani dattijon bakanike ya zaro ɗan ƙarfe mai haƙora, duk sun cinye. Ya ce shi ke juya famfon da ke kai wa inji mai.

"Malam, wata nawa tana kuka? Ba wanda ya ce ka kawo ta?"

Wa zai ce min? Kujerar gefena ba ta taɓa ɗaukar mutum ba.