Dallatu Mai Karatun Ƙasan Allo

A Ɗorawar Ɗan Iya, wani ƙauye a gefen Gezawa inda gonar wannan ke jingine da ta wancan har akuya ba ta da wurin miƙe ƙafa, an yi wani mutum ana ce masa Dallatu. Yana nan da ransa har gobe, amma “an yi” ɗin ya fi dacewa da shi.

Dallatu ya yi shekara biyu a kwalejin horon malamai a birni, bai gama ba. A faɗarsa, malaman ne ba su iya koyarwa ba. Ya dawo gida da tabarau wanda babu likitan da ya rubuta masa, da biro biyu a aljihun gaba, da wani irin kallo da yake yi wa mutane kamar an turo shi duba su. Gonar da ya gada ciyawa ta fi shi saninta. Matarsa Zuliha ce ke riƙe da gidan da ɗinkin hula da ƙuliƙuli, shi kuma yana riƙe da ilimi.

Shekarar da man fetur ya yi tashin da ya yi, komai ya tsaya a ƙauyen. Taki ya gagari talaka, kuɗin mota ya hana samari zuwa ci-rani, mutane suka koma cin abinci sau ɗaya suna kiransa azumin nafila. Basiru mai gidan kallo ya sayar da janaretonsa ya sa sola, sai kallo ya koma na rana, daga La’asar zuwa Magariba. Wata ranar kasuwa mai tura fim a Gezawa ya zuba masa wani katun na Japan a memori, mai dogon zango. Da farko aka ce wannan ai na yara ne. Kafin sati biyu dattawa masu furfura suna rigimar wuri a benci, don mai yunwa yana son abin da zai ɗauke masa hankali daga cikinsa.

Matsala ɗaya ce. Mutanen cikin fim ɗin Japananci suke yi, sai wani rubutun Turanci da ke gilmawa a ƙasan allo. Nan Dallatu ya samu abin da ya rasa tun dawowarsa. Aka ajiye masa kujera a gefen talabijin, shi kaɗai yake fuskantar jama’a, yana karanta rubutun yana mayarwa Hausa. Ko sisi ba a biyansa. Amma a hanya aka fara ce masa Malam Dallatu, kuma da za a ce ya zaɓa tsakanin wannan suna da buhun gero, da Zuliha ta ci gaba da dafa ruwa.

Akwai fa wani irin fim ɗin, wanda masu fassara na birni suka cire muryoyin Japanawa suka ɗora nasu da Hausa, kuma shi ne ya cika wayoyin mutane a kasuwa. Basiru ya taɓa cewa ko a gwada shi. Dallatu ya cire tabarau.

“Kai Basiru, ka san abin da kake faɗa kuwa? Jarumi ya zare takobi, sai ka ji muryar wani ɗan Kurna yana cewa a kawo masa shayi da burodi? Waɗannan maƙaryata ne. Abin da ya zo bakinsu shi suke faɗa. Ni kuwa ba na ƙari, ba na ragi. Abin da Bajapane ya faɗa shi nake ba ku.”

Ya haramta wa kunnensa mai fassarar, ya haramta shi a gidansa. Mai rubutun kuwa babu mai nemansa a Gezawa sai Basiru, don haka kashi bibbiyu ake samo masa duk ranar kasuwa. Dallatu bai taɓa sanin abin da ke gaba ba. Tare da jama’a yake gani, sai dai shi yana yin fuskar wanda ya riga ya sani.

Jarumin fim ɗin wani saurayi ne mai gashi tsaye cako-cako, ƙauyen suka sa masa Bushiya. Kullum yana tare da wata yarinya mai shuɗin gashi, ita kuma suka sa mata ’Yar Shuɗi. Ana kashi na tara sai ga Malam Uwaisu, na’ibin liman, ya yi sallama a bakin ƙofa. An kai masa ƙara cewa ana nuna wa mutane abin da bai dace ba, ya zo ya gani da idonsa. Ƙaddara ta sa daidai lokacin Bushiya ya goya ’Yar Shuɗi yana haye kogi da ita, ta kwantar da kai a kafaɗarsa.

“Dallatu,” in ji Malam, “wannan yarinyar mece ce tasa?”

Dallatu ya dubi Malam, ya dubi kujerarsa. Rubutun bai taɓa cewa komai a kan dangantakarsu ba, kuma “ban sani ba” kalma ce da bakinsa bai iya ba.

“Ƙanwarsa ce, Malam. Uwa ɗaya uba ɗaya.”

“Masha Allah,” in ji Malam. Ya tuɓe takalmi ya zauna. Daga ranar bai ƙara fashi ba. Har a wa’azin bayan Asuba ya kawo misali da su, ya ce ga waɗanda ba Musulmi ba suna riƙe zumunci, mu kuwa wa da ƙani suna shari’a a kan iyakar gona.

To daga nan Dallatu ya shiga aikin da ya fi noma wahala. Rubutu ya fara nuna inda aka dosa, shi kuma ya riga ya ɗaure kansa. In Bushiya ya ce ba zai iya rayuwa babu ita ba, sai Dallatu ya ce, “Yana cewa Allah ya bar zumunci.” In kumatunta suka yi ja, ya ce zazzaɓi ne ke damunta. Wata rana ta ba shi wasiƙa ta ruga da gudu tana rufe fuska, Dallatu ya ce saƙon innarsu ne a kan maganar gado. Mutumin da ba ya ƙari ba ya ragi ya ƙirƙiro musu uwa, da uba, da gona, da wani kawu mugu a wani gari. Yana yi yana addu’ar Allah ya kawo dodon da zai cinye ɗayansu kowa ya huta. Dodanni suka yi ta zuwa, Bushiya yana karkashe su.

Ranar kashi na ƙarshe gidan kallo ya cika irin cikar da bai taɓa yi ba. Har waɗanda ba sa zuwa sun zo, wasu a tsaye, wasu ta taga. Dallatu ya gyara hula ya ce a ransa yau gari ya san darajar ilimi.

Aka gama yaƙi, aka kashe babban mugu. Sai allo ya nuna ’Yar Shuɗi cikin fararen kaya tun daga kai har ƙasa, Bushiya a gefenta cikin baƙaƙe, tsofaffi a jere suna share hawaye.

“Bikinta ake,” in ji Dallatu, muryarsa ta ɗan sirance. “Shi ne waliyyi.”

Tsoho Badaru, wanda ke zama a gaba saboda kunnensa, ya ce, “To ina angon?”

“Yana hanya, Baba.”

Ango bai iso ba. Aka miƙa wa su biyun ƙaramin ƙoƙo suka kurɓa bi da bi. Sannan aka nuna bayan wasu shekaru: ’Yar Shuɗi a ƙofar gida tana rungume da jariri, Bushiya yana yi masa wasa. Gashin jaririn tsaye yake cako-cako, kuma shuɗi ne.

Malam Uwaisu ya ce a hankali, “Dallatu, me muke gani haka?”

“Malam, abin yana da tsawo.”

“Muna da lokaci. Ka faɗa mana gaskiyar abin, ɗan’uwa. Kowa yana kuskure.”

Ƙofa ce aka buɗe masa har bango. Kalma uku kacal ake nema a bakinsa. Amma Dallatu ya auna sunansa da mutuncin ƙasa guda mai miliyoyin mutane, ya ga sunansa ya fi nauyi. Ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunyar laifin wasu.

“Abin da na daɗe ina ɓoye muku ke nan, don kada ranku ya ɓaci. Mutanen nan haka al’adarsu take. A can wa yana auren ƙanwarsa. Mun karanta a kwaleji.”

Ya jira salati da tofin Allah tsine. Bai ji ko ɗaya ba. Malam ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ɗauki takalmi ya fita. Jama’a suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, wasu suna toshe baki da hula. Dallatu ya ɗauka kaɗuwa ce ta hana su magana, har ya ji tausayinsu.

Ya isa gida bayan Magariba, Zuliha ta ajiye masa tuwo. Yana wanke hannu yana ba ta labarin yadda ya fitar da jama’a daga duhu a kan halin Japanawa. Ta saurara har ya kai aya, allurarta ba ta tsaya ba.

“Malam,” ta ce, “ai ba ƙanwarsa ba ce. ’Yar maƙwabtansu ce. Tun suna yara yake sonta.”

Hannunsa ya tsaya a kan kwano. “Wa ya gaya miki?”

“Mu tun kaka muka sha bikin nan a gidan Kulu, matar Malam Uwaisu. Mai fassarar ne a wayarta, gaba ɗayansa. Muna ɓarar gyaɗa muna ji. Mai aiki a hannu ina ta ga idon bin rubutu, ko da ta iya?”

“Mai fassara! Waɗannan maƙaryatan?”

“To, su dai shayi da burodi suka ƙara. Ba su aurar da wa da ƙanwa ba.”

Dallatu ya ji tuwon ya fita ransa. Ya tambaya da wata ƙaramar murya da bai san yana da ita ba, “Su wa suka sani?”

“Kowace mace ta gaya wa mijinta. Ni ce kawai ban gaya wa nawa ba, tunda ka ce kada a ƙara ambatar fassara a gidan nan.” Ta ciji zare ta tsinke shi. “Samari sun so su tona ka tun tuni, Malam Uwaisu ne ya hana. Ya ce mutum ne mai iyali, a bar shi ya kai wurin da kansa. In ya ce na yi kuskure, shi ke nan, a rufe maganar kada wanda ya ƙara tayar da ita. Cikar da ka ga an yi yau, ba fim aka je kallo ba.”

Zuliha ta ɗaga hular da take ɗinki ta duba ta a hasken fitila, sannan ta tuna.

“Af, Basiru ya aiko. Gobe za a fara wani sabo, mai fassara. Ya ce in kana so ka zo, za a rage maka wuri a benci.”