Ɗakin Furar Baba a Marnona

Facin taya ne ya kai ni wurin. A lokacin ina koyarwa a wata firamare kusa da Marnona, gidana kuwa yana Wurno, kullum a babur nake zuwa in koma. Wata rana bayan an tashi makaranta ƙaya ta huda mini tayar baya, na tura babur ɗin har bakin kasuwa, zufa ta jiƙe mini riga. Mai facin ya ce aikin zai ɗan jima, gara in shiga lungun da ke bayan masallaci in tambayi ɗakin Baba, in sha fura kafin ya gama.

Sai da na wuce ƙofar na dawo, don babu allo, babu wata alama. Ɗan ɗakin ƙasa ne, in mutum biyar ko shida suka zauna to gwiwa na taɓa gwiwa. A dā shagon ɗinki ne. Mai ɗakin, wanda kowa ke kira Baba, tela ne tun yana saurayi, da idonsa ya fara gaza zura zare a allura sai ya sayar da keken, ya shimfiɗa tabarma a inda keken yake. Matarsa ke daka furar a cikin gida, shi kuma ya dama wa masu zuwa. A kusurwa akwai randa da aka binne gindinta cikin jiƙaƙƙen rairayi, ga ƙoruna a kife a kan faifai.

“Zamna, Malam,” in ji shi, tun kafin in faɗi ko ni wane ne. Daga baya ya gaya mini farin alli ya gani a hannun rigata.

Na tambaya ko akwai sukari da ƙanƙara. Mutanen da ke zaune suka yi dariya, irin wadda ba ta ba mutum kunya. Baba ya ce in fara sha tukuna, in ban ji daɗi ba zai aika a sayo mini. Bai aika ba, ni ma ban sake tambaya ba. Gero ne da aka surfa da kyau, da citta da kanumfari da ɗan barkono, nonon kuwa na safiyar ranar ne da ya fara kama tsami kaɗan. Na sha har na ga ƙasan ƙwarya. Mai faci ya gama aikinsa, ya gaji da jira, ya biyo ni da kansa.

Daga ranar na zama ɗan ɗakin. Tsakanin azahar da la’asar ake zama. Baba ba ya son rediyo a ciki, wanda wayarsa ta yi ƙara kuma ya fita waje ya amsa. Mutane na zuwa suna tafiya, amma biyu ne ba sa fashi. Ɗaya manomin albasa ne, kakkauran mutum mai babbar murya, wanda nake kira Kawu. Ɗayan kuwa Bafulatani ne siriri, rugarsu na gabas da gari, kowa Bappa yake ce masa. Daga shanunsa nonon ɗakin ke fitowa. Matarsa kan kawo da hantsi, shi kuma ya iso da rana, ya jingina sandarsa a bakin ƙofa, ya ce ya zo ya ga abin da Kaɗo ya yi da dukiyarsa.

Shi da Kawu tun suna yara suka san juna. Duk shekara in an cire amfanin gona, a gonar geron Kawu Bappa ke sauke shanunsa, su ci kara su bar taki. Amma in ka ji su a ɗakin Baba sai ka ce abokan gaba ne. Kawu zai ce Bappa na ƙara wa nono ruwan rijiya tun kafin ya bar ruga. Bappa zai amsa a hankali, ba tare da ya ɗaga kai daga ƙwaryarsa ba, cewa mutumin da jikinsa ke warin albasa tun daga Goronyo ba shi da hancin da zai gane nono mai kyau. Baba na damu yana murmushi, wani lokaci ya ce su yi a hankali kada su zubar masa da fura.

Ba wata babbar magana ake yi ba. Farashin taki, ko za a saki ruwan madatsar Goronyo da wuri bana, jakin wane da ya ɓalle ya shiga masallaci, ciwon gwiwar Baba. Ni baƙo ne a garin, matata da yarana suna Wurno, abokan aikina kuwa kowa na tashi yake kama hanyarsa. A wannan ɗan ɗakin ne na fara jin akwai masu lura in ban zo ba. Lokacin da mahaifiyata ta rasu, su uku suka hau mota ɗaya suka zo mini gaisuwa har gida, Bappa riƙe da ƙwaryar man shanu a cinyarsa duk tsawon hanya.

Labarin ’yan bindiga daga nesa ya fara zuwa mana, kamar abin da ke faruwa a wata ƙasa. Sai ya matso. Aka fara ambaton ƙauyukan da muka sani, sannan mutanen da muka sani. Hirar ɗakin ta sauya, ana rage murya in baƙo ya shigo. A farkon wata damina aka kore wa Bappa fiye da rabin shanunsa a daji. Kawu ne ya tara samari suka bi sawu, suka dawo hannu wofi. Bappa bai yi ƙorafi ba, sai dai ƙwaryar nonon da ke zuwa ɗakin ta ƙanƙance, Baba kuma ya rage yawan furar da ake dakawa.

Da rani ya zagayo, babban ɗan Kawu ya ɗauki albasa a mota zai kai kasuwa wajen Goronyo. Saurayi ne mai kunya, bai daɗe da aure ba, matarsa na da ciki. An tare motar a hanya. Direban ya tsira da rauni, yaron bai tsira ba.

Na je jana’iza, na zauna zaman makoki. Ina nan Bappa ya iso, ya cire takalmansa tun daga nesa, ya durƙusa gaban Kawu ya yi masa ta’aziyya. Kawu ya amsa, amma bai ɗaga ido ba. Na lura wasu samari da ke gefe suna kallon Bappa, kallon da ban taɓa ganin an yi masa a garin ba. Bai daɗe ba ya tashi.

Kawu ya jima bai zo ɗakin Baba ba. Ranar da ya dawo, na tarar da shi zaune a wurinsa, ya rame har rigar ta yi masa yawa. Baba ya dama masa, ya ajiye a gabansa, bai taɓa ba. Muna zaune sai muka ji an jingina sanda a bakin ƙofa. Bappa ya yi sallama ya shigo, ya zauna a inda ya saba, kusa da Kawu. Ya tambaye shi ya haƙuri, ya tambayi jikin surukarsa.

Kawu ya ce direban ya gaya masa waɗanda suka tare motar da Fillanci suke magana.

“Waɗanda suka kore shanuna ma da shi suka yi mini magana,” in ji Bappa. “Da harshen uwata suka ce in kwanta ƙasa.”

“Na sani,” Kawu ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. “Wallahi na san ba ka da hannu. Amma in ka buɗe baki, su nike ji. Mi zan yi da kunnena?”

Baba ya tsayar da ludayin a cikin ƙwarya. Ni dai na kafa ido a kan tabarma. Bappa ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka gaya wa abin da ya riga ya sani. Ya shanye furarsa, don Baba ya riga ya dama, ya yi hamdala, ya yi wa Kawu addu’ar Allah ya sanyaya masa zuciya, ya yi mana sallama ɗaya bayan ɗaya. Babu fushi a fuskarsa. Wannan ne ganina na ƙarshe da shi.

Nono ya ci gaba da zuwa na ɗan lokaci, matarsa na kawowa ta ƙofar gida ta juya ba tare da ta tsaya hira ba. Daga baya garin ya yi zafi. Samarin da aka sa gadin gari suka fara tare duk wanda ya fito daga ruga suna yi masa tambayoyi, wasu an dake su, matan Fulani suka daina shigowa kasuwa. Wata rana tun da hantsi Baba ya jira har azahar, ƙwarya ba ta zo ba. Washegari ma haka.

Wani mai shago ya ba shi shawarar ya sayi madarar gari ya kwaɓa ya bar ta ta kwana, ya ce haka ake yi a birni yanzu, kuma ba mai ganewa. Baba ya gwada sau ɗaya. Ya ɗanɗana, ya ba ni na ɗanɗana, sannan ya fita da ƙwaryar ya zuba wa awaki. Bayan haka yakan buɗe ɗakin duk da babu abin sayarwa, ya ba mu ruwan randa, mu zauna. Mutane suka ragu. Kawu na zuwa kullum, ya zauna yana kallon ƙofa.

Bayan surukarsa ta haihu, an yi suna, Kawu ya tare ni a bakin makaranta. Ya ce yana so in kai shi ruga a babur. Na gaya masa hanyar ba ta da kyau yanzu, ya ce ya sani, in ba zan iya ba zai tafi da ƙafa. Yana riƙe da ɗan ƙunshin goro da naman suna. Na ce ya hau.

Mun isa da rana tsaka. Bukkokin na nan, wasu sun fara zubewa. Turakun da ake ɗaure maruƙa na tsaye, kashin shanun ya bushe ya yi fari. Babu hayaƙi, babu kukan kaza. Kawu ya sauka ya zagaya, ya leƙa bukka ɗaya, ya leƙa ta biyu, yana sallama da babbar muryarsa. Daga can wata tsohuwa ta fito daga bukkar da ke ƙarshe, ita da mijinta makaho ne kawai suka rage, don ba za su iya doguwar tafiya ba. Ta ce su Bappa sun tashi tun kwanakin baya, sun yi arewa da sauran shanun, ta ji ana cewa za su tsallaka iyaka. Matarsa ba ta da lafiya, a kan jaki aka ɗora ta.

Kawu ya tambaya ko ya bar wani saƙo. Ta yi tunani, ta ce a’a, ba ta ji ba.

Ya miƙa mata ƙunshin. Sannan ya zauna a kan wani kututture, ya sa fuskarsa cikin tafin hannunsa. Ban taɓa ganin babban mutum na kuka haka ba, ba sauti, sai kafaɗunsa da ke girgiza. Ko a ranar jana’izar ɗansa bai yi haka ba. Na koma gefen babur na tsaya na ba shi baya. Da ya tashi, ya ce mini da ma kwana kaɗan yake nema zuciyarsa ta kwanta, bai ce Bappa ya tafi ba. Muka dawo gari.

A ƙarshen wannan shekarar aka mayar da ni wata makaranta a cikin Wurno. Nakan leƙa Marnona jefi-jefi, sai tafiyar ta yi ta raguwa, don hanyar ta zama abin da mutum ke shawara da iyalinsa kafin ya hau. Mai facin ne ya kira ni ya gaya mini Baba ya rasu, bayan ɗan gajeren ciwo. Na samu jana’izar. ’Ya’yansa sun riga sun ba wani haya ɗakin, yana ajiye buhunan taki a ciki.

Bayan an dawo daga maƙabarta Kawu ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya ce duk makiyayin da ya gani yana wucewa sai ya tsayar da shi ya yi masa kwatancen Bappa, har wani direba mai zuwa kasuwannin ƙetare ya roƙa ya riƙa tambaya masa. Wani ya ce ya ga mai kama da shi, wani ya ce ya ji matar ta rasu a hanya, babu dai wanda ya tabbatar.

“Kai da ka ke cikin gari, Malam, ba ka ji komi ba?”

Na ce ban ji ba. Ya ce to, in na ji in aiko. Jikansa na tsaye a gefensa riƙe da bakin rigarsa, ya fara tafiya da kyau. Kawu ya sunkuya ya ɗauke shi, suka bi lungun zuwa gida, ni kuma na tayar da babur don in isa Wurno kafin la’asar.