Katangar Gindin Durumi

Idon Babanmu bai tafi a rana ɗaya ba. Yanar ido ce ta riƙa rufe shi a hankali, har ya daina zuwa gona, daga baya ya daina zuwa kasuwa. Abin da ya rage masa a duniya, bayan masallaci da ɗakinsa, shi ne wani tsohon gungume a gindin durumin da ke tsakiyar filin unguwarmu, Unguwar Hajji, a Karaye. Da safe in zan tafi makarantar firamaren da nake koyarwa, sai in riƙo hannunsa in zaunar da shi a can. In na taso sai in zauna kusa da shi mu yi la'asar tare.

Wata 'yar hanya ce ta ratsa filin, ta bi ta gaban gungumen sosai. Ba wanda ya shata ta, ƙafa ce ta fitar da ita. Manoma ta nan suke yankewa zuwa gona, masu ɗiban ruwa ta nan, mata masu zuwa barka ko unguwa ta nan. Wurin akwai yashi mai zurfi ga kuma saiwoyin durumi sun fito waje, don haka ko mai keke dole ya sauka ya tura. Wanda ya sauka kuwa ba ya wuce dattijo bai gaishe shi ba.

A kan wannan gaisuwar Baba yake rayuwa. Kafin mutum ya gama sallama ya gane shi, ya gane har halin da ya kwana a ciki.

"Baba, barka da hantsi."

"Barka kadai, ɗan nan. Ina gajiya? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, Baba."

"To me ya taɓa muryar? Jikin yarinyar ne har yanzu?"

Daga nan sai mutum ya jingine fartanyarsa ya tsuguna. Kafin azahar Baba ya san gonar da tsutsa ta shiga, da gidan da aka haihu, da wanda ya sayar da sa ya yi nadama. Ni mai ido biyu a wurinsa nake jin labarin gari. Yakan ce mini, "Malam, kai dai karanta takardarka, ni mutane nake karantawa."

Akwai wani tsohon Bafulatani daga wajen Fulatan, sa'ansa ne, da ke biyowa ta nan ranar kasuwa. Tun daga nesa zai ɗaga murya, "Kaɗo, har yanzu ba ka mutu ba?" Baba ya ce, "Ina zan mutu ban gaji shanunka ba?" Sai ya zo ya zauna, su yi ta zagin juna da dariya har goron da suka raba ya ƙare. Ranar kasuwa Baba wanka yake da wuri, ya sa rigarsa mai kyau, saboda wannan zagin kawai.

Ba zan ɓoye ba, filin nan ya lalace. Gefe guda bola ce, ga leda ko'ina, ga fasassun kwalabe da ke yanka ƙafar yara. Da damina ruwa ya kwanta, sauro ya yi gida. Saboda haka da ƙungiyar matasan unguwa suka ce za su gyara shi ya zama wurin hutawa, ba wanda ya ƙi. Wani ɗan unguwarmu da Allah ya buɗa wa a Legas ya ce siminti da rodi nasa ne, in dai unguwa za ta kawo yashi da ƙarfi. Aka kafa gidauniya da kaka. Mai gyaɗa ya kawo gyaɗa, mai dawa ya kawo dawa, mata suka haɗa nasu a gidan mai unguwa. Baba ya sa aka kama tunkiyarsa guda ɗaya tilo aka kai. Na ce masa ai an ɗauke wa tsofaffi, ya ce shi ba a ɗauke masa ba.

Ranar da za a nuna wa dattawa tsarin aikin, a gindin durumin aka taru. Wani yaro da ya yi karatun zanen gini ya warware babbar takarda, yana nuna inda lilo zai zauna, inda famfo, inda za a dasa furanni da mangwaro. Saboda ladabi har gaban Baba ya kawo ta ya riƙe, Baba kuwa ya gyaɗa kai kamar yana gani. Ni da nake gani sai na hango wani layi mai kauri ya zagaye filin kaf, ba ƙofa sai guda ɗaya ta wajen titi.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Katanga ce, Malam. In babu ita awaki za su cinye shukar kafin ta yi ganye."

"To hanyar mutane fa?"

Shugaban matasan ya ce, "Ai sai su zagaya ta lungun baya, Malam, ba nisa."

Ni kuma Allah ya yi ni da saurin hawa. Na miƙe na ce kada fa garin neman gira a rasa ido. Sai da maganar ta fita na tuna a gaban wa na yi ta. Baba kuwa ya tuntsire da dariya ya ce, "Ku rabu da shi, ni nawa sun riga sun tafi, girar ma ta ishe ni." Kowa ya yi dariya, maganata ta bi iska.

Shugaban ya matso ya durƙusa. "Baba, ku ne masu wurin nan. In akwai abin da bai yi muku ba, ku faɗa a gyara."

Baba ya ce, "Duk yadda kuka yi daidai ne. Allah ya yi muku albarka."

Duk wanda ya tashi a gaban tsofaffi ya san wannan ba amsa ba ce, kara ce. Dattijo in ya ce maka haka, sai ka bari taro ya watse, ka bi shi gida, ka zauna a zaure ka sake tambaya, wataƙila sai a karo na uku zai buɗe maka cikinsa. Amma yaran nan hankalinsu na kan aiki, sun ji an sa albarka, suka naɗe takardarsu suka tafi da murna.

A hanyar gida na yi ta faɗa. Na ce, "Baba, da ka ce a bar 'yar ƙofa ta gabas da ta yamma, wallahi ba mai musa maka."

Ya ce, "Malam, yara sun zo mini da alheri a hannu biyu, in ce su koma su sake shi saboda ni? Shekara nawa ta rage mini a gungumen nan? Su kuwa 'ya'yansu ne za su yi wasa a ciki."

Na koma wurin matasan ni kaɗai, suka ce ai a gabana Baba ya amince.

Aka yi gayya aka buga bulo, aka kwashe bola, aka cike kwari. Gungumen aka ja shi gefe, aka yi wa dattawa benci na siminti a gindin durumin, har da tayil da wurin jingina. Gaskiya wuri ya yi kyau, har daga Rogo ana zuwa kallo. Ni kaina ranar da aka buɗe na ji daɗi a raina.

Washegari na kai Baba na zaunar da shi a sabon bencinsa. Da na dawo daga makaranta na tarar da shi yadda na bar shi, ya karkatar da kai gefe yana saurare. Na tambaye shi labarin gari, ya ce tsuntsaye dai suna lafiya. Sauran tsofaffi masu ido da kan zauna tare da shi a wurin, da suka ga ba mai wucewa, a hankali suka koma bakin shagon wani mai shayi. Baba kuwa ba ya son hayaniyar rediyon wurin, ya ce ba ya jin muryar kowa.

Mutane ba su manta da shi ba. Wasu sukan shigo takanas ta ƙofa, su cire takalmi, su gaishe shi, su ɗan zauna su tashi. Na zaci hakan zai wadatar, sai wata rana ya ce in gaya musu su daina wahalar da kansu.

"Wanda ake zuwa gaisarwa takanas, ko mara lafiya ne ko wanda aka yi wa rasuwa. Ni da can a kan hanyarsu nake. Yanzu na zama aiki."

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Na ɗauki buzunsa na shimfiɗa masa a waje, jikin katanga, kusa da ƙofa, yana fuskantar titi. Amma masu tafiya a ƙasa sun riga sun koma lungun baya, wanda ƙunci da kwata ba za su bari a zauna ba. Titin kuwa na masu babur ne, shimfiɗaɗɗe, ba yashi ba saiwa, ba abin da zai sa mutum ya sauka. Suna ganinsa, suna girmama shi, sai su danna hon su ɗaga hannu su wuce. Hannun da aka ɗaga wa makaho kuwa ni kaɗai nake ganinsa. Sai na zama mai faɗa masa: Baba, mai gyaran keke ya ɗaga maka hannu. Baba, ɗan liman ya gaishe ka. Shi kuma ya amsa wa iska, "Lafiya lau, ya gida?" bayan mai gaisuwar ya kai kwana.

Har yau in na tuna zaman nan sai in ji kewarsa ta cika mini ƙirji. Ina kewar yadda yake miƙa wuya duk lokacin da ya ji ƙarar takalmi, ina kewar muryarsa in ya kama wani da tsokana. Ina kewar unguwarmu ta lokacin da ba ka isa ka je gona ba sai ka tsaya an tambaye ka yadda ka kwana.

Wata ranar kasuwa da ta faɗo cikin hutun makaranta, ya yi wankansa da wuri, ya sa rigarsa mai kyau, muka fita tun da hantsi. Tun da aka ja katangar bai ji muryar abokinsa Bafulatani ba, ga goro a aljihunsa yana ta juya shi. Can wajen azahar na hango tsohon a bayan babur, jikansa ya ɗauko shi, don shi ma ƙafa ta fara gazawa. Ya gan mu, ya ɗaga sandarsa sama, ya buɗe baki ya faɗi wani abu da ƙarar injin ta cinye. Yaron bai ko rage gudu ba.

Na ce, "Baba, ga mutumin Fulatan can, ya ɗaga maka sanda, yana gaishe ka."

Fuskarsa ta washe, ya gyara zama, ya ja numfashi zai jefa masa baƙar magana. Sai ya ji ƙarar tana nisa. Ya rufe bakinsa a hankali.

Ya ce, "Ina amsawa."

Can ya ce, "Ka ji abin da na ce, Malam? Wanda ke Kano ko Makka, in ya aiko da gaisuwa, shi ake ce wa ina amsawa. Wannan kuwa hayaƙin babur ɗinsu ma yana hancina."

Ya laluba aljihu ya ciro goron, ya miƙo mini ya ce in ci ko in bayar. Sannan ya ce in naɗe buzun in kai shi gida, rana ta yi zafi. Bai sake cewa in fito da shi ba, har Allah ya karɓi abinsa a daminar da ta biyo.