Bahaushen Gayana

Cikin duk abin da na gani a zamana na Dubai, akwai ranar da ba za ta taɓa fita daga raina ba. A shekarun dubu biyu da 'yan kai ne, ina sayen kayan gyaran mota a unguwar Ras Al Khor ina turawa Kano a kwantena. A wani gareji na saba da wani makanike, baƙi wuluk kamar ni. Da ya ce min daga Gayana yake, na ɗauka Gana ya ce, har na fara yi masa kirarin Kumasi.

Ya yi dariya ya ce ƙasarsu tana Kudancin Amurka. Turawan Holan ne suka fara kame ta, suka kwaso bayi daga Afirka don noman rake. Ingila ta karɓe, da aka hana bauta kuma ta kawo Indiyawa suka ci gaba da saran raken. "Sukari ne ya kai kakannina can," in ji shi, "amma ban san daga inda aka ɗauko su ba." Abu ɗaya ya gada daga wurinsu. Akwai ƙofofin ruwa da bayi suka haƙa wa magudanai don tare teku, ana ce musu koka. Kakarsa ta rantse masa kalmar daga Afirka ta zo.

Na buga cinya na ce, "Ƙoƙari ke nan! Ai Hausa ce, ɗan'uwa. Aikin wahala suka yi, suka sa masa suna." Wallahi har zuciyata na yarda. Idonsa ya kawo ruwa. Daga nan duk Juma'a yana ɗakinmu a unguwar International City, yana cin tuwo da miyar kuka tare da mu. Wani dattijo ɗan Nijar da muke zama tare ma ya duba ƙirar goshinsa ya yanke hukunci cewa Bagobiri ne.

Rannan ina garejin sai ga wani Baturen Holan, cikin masu cike teku da yashi don gina tsibirai, ya kawo motarsa gyara. Abokina da alfaharinsa ya ba shi labarin koka da ƙoƙari. Baturen ya yi murmushi ya ce, "Ai wannan yarenmu ne. Bututun ruwa muke kira haka."

Abokina ya ajiye sufana ya daɗe yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce, "Sun ƙwace sunanmu, sun ƙwace harshenmu. Ashe guda ɗayan da muka ɓoye ma nasu ne."

Juma'a ta zo, bai zo ba. Dattijon nan ya sa takalmi ya ce, "Yalla, tashi." Muka hau tasi har masaukinsa. Ya buɗe ƙofa ya ce cikin kunya, "Baba, ai kun ji, ni ba naku ba ne."

Dattijo ya ce, "Bature ya raba ku da gida sau ɗaya, yanzu kuma zai hana ka cin tuwo? Khalas, magana ta ƙare, miya na hucewa."

Ya biyo mu. Har na bar Dubai ba mu san asalinsa ba, ba mu kuma sake bincike ba. A nan na gane gaskiyar masu cewa zumunta a ƙafa take. Wanda ya tako ya zo nemanka, shi ne danginka.