Hanyar Ɗakin Inna

Ranar da aka raba gidan mahaifinmu a Dogo Nini, malamin da ya zo rabon ya yi tambaya, kuma da kunnena na ji amsar da aka ba shi. Ya ce, "Rabon tsohuwa da na 'yarta ya faɗa can ƙurya. Ina hanyarsu? A fitar da ita tun yanzu." Yayana, babbanmu, ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Malam, wa zai tare wa uwarsa hanya?" Kowa ya yi murmushi, har da ni. Malam ya sake nanatawa, aka ce masa ai duk gida ɗaya ne. Aka shafa fatiha aka tashi, gaban gida da zaure na Yaya da ƙanena, ɗakin Inna da ɗan tsakar gidan da ke gabansa namu ni da ita.

Shekaru suka tura. Aiki ya mai da Yaya Damaturu, ƙanena ya bi shi, buƙata ta taso musu, suka sayar da rabonsu ga wani dillalin shanu. Ba zan ce mugun mutum ba ne. Ya bar Inna tana bi ta zaure har ya gama tara bulo, sannan ya aiko da saƙo cewa bayan damina zai yi shaguna a gaba, ya sa iyalinsa a ciki, ya ja katanga. Da na je masa a fusace, ya ce mini, "Hajiya, abin da aka nuna mini shi na saya. Ba wanda ya ce da hanya a ciki." Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Ni dai Allah bai yi ni da sanyin zuciya ba. Daga nan ban zame ko'ina ba sai wajen ƙanen mijina, wanda lauya ne. Ya saurare ni ya ce Inna tana da hakki, ba a barin mutum da gida babu mafita, alƙali zai iya sa a fitar mata da hanya, ko ma a sake duba rabon. Na dawo har ina tuntuɓe don murna. Inna tana tsintar wake ta ji ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Wa za a kira?"

Na ce, "Wanda ya saya."

"Sai wa?"

Na gane inda ta dosa. Sai wanda ya sayar, wato Yaya. Inna Bafulatana ce daga wajen Mamudo, Yaya kuwa ɗan farinta ne. Tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai "wancan", daga baya kuma "mutumin Damaturu". Ta ce, "Ni in tsaya gaban alƙali, a tsayar da shi, a ce in faɗi abin da ya yi mini? Gara in bar ɗakin."

Kuma da gaske take. Ta fara ɗaure kwanukanta a tsofaffin zannuwa. Ɗakin da aka kawo ta tana amarya, inda ta haife mu, inda mahaifinmu ya cika, shi za ta bari ta koma gidana, gidan suruki, inda na san ko ruwa ba za ta iya sha ba in mijina yana tsakar gida. Ranar na yi faɗa kamar zan tsaga gidan. Na ce wannan kunyar tasu ita za ta kashe mu, na ce wanda ake jin kunyar tasa yana can yana barcinsa. Inna ta ci gaba da ɗaurinta, ni kuma na zauna na yi kuka don takaici.

A bayan ɗakin Inna akwai gidan wani dattijo mai wankin hula, wanda iyayensa suka zo daga Borno. Baba muke ce masa. Ƙofarsa tana kallon wani layi ne daban, katanga kawai muka haɗa. Ashe duk ihun da na yi a kunnensa ne, kodayake ina jin rabin unguwa ma sun ji. Washegari da hantsi sai ga shi ya zagayo ta gaba, ya yi sallama, ya tsaya a bakin ɗaki. Tsakanin Barebari da Fulani dama ba a gaisuwa sai da tsokana.

Ya ce, "Bafulatana, an ce za ki koma daji wajen shanunki."

Inna daga bayan labule ta ce, "Ai gara dajin da maƙwabtaka da Babarbare."

Ya yi dariya, sannan ya gyara tsayuwa. "To kwance kayanki, ba inda za ki. Zan yanka miki hanya ta gefen gidana har bakin layi."

Na ɗauka irin maganar nan ce ta fatar baki, wadda ake yi a manta. Na manta Baba ya ga abin da maganar fatar baki ta jawo mana. Bayan la'asar ya tara mai unguwa da liman da 'ya'yansa maza, ya sa aka kira ƙanen mijina ya rubuta. Ya ce, "Kyauta ce na yi, ba aro ba. Hanyar ta ɗakin ce, ko bayan raina, ko bayan ranta, ko an sayar da gidan nan." Ya juya ga 'ya'yansa ya sa kowanne ya faɗa da bakinsa cewa ya ji. Da babban ya ce, "Haba Baba, mu za mu tare mata?" sai ya harare shi ya ce, "Haka ɗanta ma ya ce." Ya ƙara da cewa a fasa katangar cikin makon nan, don kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya mutu, gado take komawa. Wallahi tun daga ranar nake ganin girman mutumin nan, har gobe.

Ranar aikin Baba ya tafi kasuwa kai huluna, ya bar 'ya'yansa da magina. Suka fasa katanga, suka ja igiya tsakanin bangon gida da ɗan ɗakin da yake wankin hula a ciki, inda gumakan ɗora hula suke jere. Lungu ne siriri, amma mutum zai wuce da bokitin ruwa a kai, kuma ni ko rabinsa aka ba mu godiya zan yi. Baba ya dawo ya shiga lungun ya fito, ya tsaya yana kallon kwanar. Sai ya ce a je masallaci a ɗauko makara.

Raina ya ɓaci, na matsa kusa na ce, "Baba, tsohuwar tana zaune tana ji fa." Ya ce, "Ai don ita nake yi, 'yar nan." Aka kawo makarar, maza suka saɓa ta a kafaɗa daga ƙofar Inna, suka taho. Da suka iso kwanar ta cije. Suka karkata ta, suka ɗaga, suka ja da baya, ta ƙi.

Baba ya ce, "A rushe ɗakin."

Babban ɗansa ya ce, "Baba, wurin sana'arka ne."

"Hula ko a kan tabarma bushewa take. Ku kwashe gumakan."

Yana tsaye aka sa diga. Bai matsa ba har bangon ya faɗi, ƙura ta bule masa gemu, aka kwashe ƙasar aka share. Sannan ya sa aka sake saɓa makarar. Na koma wajen Inna don in janye ta ciki kada ta gani, sai na tarar ta yaye labule da kanta, ta dafa ƙyaure, tana miƙa wuya. Idonta ya yi rauni, ba ta hango kwanar.

Ta ce, "Ta wuce?"

Na leƙa na ce, "Ta wuce, Inna."

"Ba su karkata ta ba?"

"A miƙe ta fita har layi."

Ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdu lillahi. Dama abin da ke hana ni barci ke nan, kada a miƙa ni ta kan katanga." Ta ɗauki mayafinta ta sa takalmi, ta ce in riƙe mata hannu, za ta taka ta je ta gaida Babarbaren nan.