Tsakuwa a Ƙodar Yayata

A Illela kowa ya san bakina. Ɗinki nake yi a cikin gida, kuma duk matar da ta kawo mini yadi ta ce in yi mata riga irin ta wance, sai ta ji ra'ayina a kan wuyanta da tsayinta kafin in ɗauki almakashi. Mijina yakan ce da ana sayar da magana a kasuwa, da tuni mun gina bene. Amma akwai ranar da aka yi tambaya mai sauƙi a gabana, wannan bakin nawa ya ƙi buɗewa. Shirun ranar nake son in rubuta, don na gaji da ɗaukarsa ni kaɗai.

Ɗiyata ta fari ba a hannuna ta tashi ba. A wajenmu mace ba ta sakewa da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai ta bar wani ya ɗaga shi. Kunya ke nan, kuma da ita ake yabon mace. Ranar da aka yaye yarinyar, yayata ta zo daga Malbaza ta goya ta ta tafi da ita. Shekara tara yayata ta yi a gidan miji ko ɓari ba ta taɓa yi ba, saboda haka dangi duk sun ga dacewar abin. Ni ma na ce ya dace. Na zaga bayan ɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na dawo na tuƙa tuwo.

Yarinyar ta tashi tana kiran yayata Inna, ni kuma Tanti. Yayata ta riƙe ta riƙon da ni kaina ba zan iya ba. Mijinta ma, da yake aiki a kamfanin siminti, ba ya shigowa gida hannu wofi. In an yi hutun lakwal, wato makaranta, sukan kawo ta Illela, ta zauna gindin kekena tana tsince ƙyallaye tana ɗinka wa 'yartsana riga. Nakan tura mata masu kyan da ƙafa, kamar ban san na yi ba. Bakina ta ɗauko tsaf. Wata rana ta dubi rigar da nake ɗinka wa wata amarya ta ce hannun hagu ya fi na dama tsawo. Na auna, ashe gaskiyarta ce. Na kore ta waje, ina jin daɗi a raina.

Tana shekara goma sha ɗaya fuskarta ta fara kumbura da safe. Mun ɗauka ƙiba ce, har ana tsokanar yayata cewa ta cika ɗura mata fura. Daga baya ƙafafu suka bi, fitsari ya ragu, abinci ya daina zama a cikinta. An yi jiƙe-jiƙe, an sha rubutu, sannan aka kai ta likita a Konni. Can aka ce ƙoda ce, duka biyun, aka rubuta mana takarda zuwa wani babban asibiti a ƙetaren iyaka. A nan aka sa mata bututu a wuya aka fara wanke mata jini da na'ura sau biyu a mako. Yayata ta tare a gidan wasu danginmu da ke garin. Ni kuma na bar ƙananan 'ya'yana wajen uwar mijina na bi su, a matsayin 'yar rakiya.

Bayan an yi girbin gero babban likitan ya kira mu ofishinsa. Mu uku muka shiga: yayata, mijinta, da ni riƙe da kwandon abinci. Ya yi mana bayani a hankali. Ya ce wankin jini jinkiri ne kawai, jikin yaro ba ya jure shi da daɗewa. Maganin shi ne a dasa mata ƙodar wani, kuma ta babban mutum ma tana zama a cikin yaro. Ya ce wadda ta fi dacewa ita ce ta uwa ko ta uba. Mijina yana da hawan jini, don haka na san tasa ta fita tun kafin a fara. Sai likitan ya ɗaga kai ya ce, "Wace ce mahaifiyarta a cikinku?"

"Ni ta uwatta," in ji yayata. Ko numfashi ba ta ja ba.

Ya nuna ni da biro. "Wannan fa?"

"Ƙanwata ta. Rakkiya tay yo."

Ya rubuta. Ina kallon biron yana tafiya a kan takarda, ban ce uffan ba.

Na daɗe ina gaya wa kaina kunya ce ta hana ni. Ta yaya zan buɗe baki a gaban mijin yayata in ce wannan ɗiyata ce? Tun da aka haife ni ban taɓa jin mace ta yi haka ba. Akwai kuma abin da na gani a fuskar yayata. Shekara da shekaru mata suna yi mata habaici a gidan suna, ga shi yau an ba ta hanyar da za ta sa naman jikinta a cikin yarinyar. Ban ga yadda zan ƙwace mata wannan ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma tun da na ce zan rubuta, bari in rubuta duka: na ji tsoron wuƙa. Da yayata ta amsa, wani sanyi ya ratsa ni, na ji sauƙi. Wannan sauƙin da na ji shi ne abin da ban yafe wa kaina ba.

Aka gwada jinin yayata, ya dace daidai gwargwado, tun da jini ɗaya ne. Muka yi murna. Sai hoton ciki ya nuna tsakuwa a ƙodar da za a ɗauka. Ban yi mamaki ba. Yayata tana iya yini a zafin Malbaza ba ta kurɓi ruwa ba sai shayi, kuma ta daɗe tana kukan ciwon kwiɓi tana cewa tsufa ne. Likita ya ce ba a dasa wa yaro ƙoda mai tsakuwa, amma akwai na'urar da ke farfasa ta daga waje, ba yanka, ba ɗinki. In ta farfashe ta fita da fitsari, sai a yi aikin.

Ni na raka ta ranar farko. Aka kwantar da ita a kan wani gado, aka shafa mata wani abu mai yauƙi a kwiɓi, aka manna mata wani matashi mai ruwa a ciki. Daga inda aka zaunar da ni a bakin ƙofa ina jin ƙarar, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana fasa goriba da dutse, ba tsayawa, kusan awa guda. Ta fito tana dafe da bango, wajen ya yi ja. Na tambaye ta zafi, ta ce ba komai. Yayata ko ƙaya ta taka sai unguwa ta sani, amma a kan wannan ko tsaki ban ji ta yi ba.

An ce ta sha ruwa da yawa, ta riƙa tace fitsarinta, ta tara abin da ya fito a kawo musu su duba irinsa. Na yanka mata farin ƙyalle mai laushi na ɗinke bakinsa a kan waya kamar rariya. Matar da ba ta shan ruwa ta koma yawo da buta a hannu. Kullum sai ta fito daga makewayi ta tsaya a rana tana duba ƙyallen, in ta ga ɗan ɓurɓushi kamar yashi ta kira ni in gani, ta zuba shi a kwalba tana murmushi. Fitsarin da jini yake fita. Wannan ba ta nuna mini ba, ni na gani da nake wanke ƙyallen.

Bayan makonni aka sake hoto. Tsakuwar ta rabu, amma babban ɓangarenta yana nan. Aka sake sa ta a na'ura, aka sake jira. Sanyi ya zo ya wuce. Aka yi na uku. A duk tsawon wannan lokaci yarinyar tana ramewa a gabana. Wuyanta ya yi siriri har bututun ya fi shi fitowa, ta daina tambayar labarin 'yan ajinsu. Kowane mako nakan ce a raina, in hoton nan ya fito ba kyau zan yi magana. In ya fito sai in ga ai saura kaɗan, in ƙara mako guda.

Zafin bazara ya shigo lokacin da likita ya ce ya isa haka. Wani guntu ya maƙale a ƙasan ƙodar ya ƙi motsi, ga wata ƙarama ta bayyana a ɗaya ɓangaren. Ya ce ba zai ɗauki ƙodar yayata ba, don zai cuce su su biyun. Ya tambaya ko akwai wani a dangi. Yayata ta sunkuyar da kai, kwalbar tsakuwarta a cikin hannunta. Mijinta yana nan zaune inda ya zauna ranar farko. Na ji muryata ta fito, ƙarama, kamar ba tawa ba.

"Ni nah haihe ta."

Likitan ya cire tabarau ya dube ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Hajiya, da na sani, ai da ku biyu na gwada tun ranar farko." Na ce masa haka al'adarmu take. Ya gyaɗa kai ya ce ya sani, shi ma ɗan fari ne. Sannan ya miƙo mini takardar gwaji.

Cikin kwana goma komai ya fito. Jinina ya fi dacewa, ƙodata biyu tas, ko ƙwayar yashi babu. Kwana goma kacal. Na lissafa watannin da suka wuce a kan yatsuna, na sake lissafawa, suna nan biyar.

Yayata ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. A rana ta uku ta dama fura ta ajiye a gabana ta ce in sha, ana son mai bayarwa da ƙarfi. Ta zauna tana kallon ƙasa. "Ba don in raba ki da ita ba na," in ji ta. "So nay yi in ba ta wani abu nawa da za ta tahi da shi dut inda za ta." Na ce na sani. Muka yi kuka tare, abin da rabonmu da shi tun mutuwar mahaifiyarmu.

Da la'asar ɗin wata rana ina zaune kusa da gadon yarinyar, na'ura tana jan jininta tana mayarwa. Yayata ta tafi salla. Sai yarinyar ta juyo da kai ta ce, "Tanti, wai ke za ki ba ni?"

Na ce, "Awo."

"To in anka sa min taki, ni ma hwaɗa zan riƙa yi da mutane?"

"Wannan kin riga kin iya."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, "Na san ke kih haihe ni. Tun ina aji biyu 'yan lakwal sunka hwaɗa min."

Na tambaye ta abin da ya hana ta faɗa.

"Na ga ba ki so," in ji ta.

Na so in gaya mata ba haka ba ne. Na buɗe baki, sai ga yayata ta dawo da dardumarta, na miƙe na ba ta kujera.

Aka sa ranar aiki. Ana gobe za a yi, likitan fiɗa ya zo ɗakin da aka kwantar da ni, ya ɗaga gefen rigata ya zana alama da shuɗiyar tawada a kwiɓina na hagu, don kada a yi kuskuren ɓangare. Ya ce kada in wanke wajen. A lokacin tsoron ya riga ya tafi, ɗoki kawai nake yi. Washegari da hantsi aka zo aka ce an ɗage. Zazzaɓi ya rufe yarinyar, ƙwayar cuta ta shiga jininta ta wajen bututun wuya. Aka ce sai ya sauka. Bai sauka ba. Kwana uku ta yi, a rana ta huɗu kafin azahar Allah Ya karɓi abarsa, kanta a kan cinyar yayata, ni ina riƙe da ƙafafunta. A can aka binne ta, a garin da ba mu da kowa a maƙabartarsa.

A Malbaza aka yi zaman makoki. Mata suna shigowa daga Illela, daga Dogarawa, daga Konni, suna durƙusawa gaban yayata suna yi mata ta'aziyyar ɗiyarta. Haka ya kamata, ita ta yi wahalarta. Ni ina tsakar gida ina miƙa ruwa, ina nuna wa baƙi wajen zama. Wasu tsofaffi har yaba mini suka yi, wai ko hawaye ban zubar ba, na san kunya. Na ce musu na gode.

Ba wanda ya san alamar tana nan a ƙarƙashin zanena. In na shiga wanka sai in dafe wajen da tafin hannu, in zuba ruwa ta gefe, don an ce kada in wanke. Na san ba sauran aikin da za a yi. Kullum da safe nakan duba, in ga ta ƙara dushewa. A rana ta tara na ɗaga riga ban ga komai ba, sai fatata lafiya lau. A nan na zauna a kan dutsen wanka na yi ihun da har maƙwabta suka shigo.