Firizata da Matattun Esin Alhaji

Da kuɗin adashi na sayi firizata, na ƙara da na awakin da Inna ta kiwata mini a Kabo. Ranar da aka shigo da ita gidan aurena a Gwarzo har guɗa maƙwabta suka yi, kamar an kawo amarya. Ita ce gonata, ita ce kasuwata. Ƙanƙara nake ɗaurawa a leda, da zoɓo da kunun aya da lamurje, masu kanti su aiko a saya, matan unguwa su shigo da kwano. Tun da jarin maigidana ya karye, daga cikin farin akwatin nan ake samun kuɗin cefane da na makarantar yara, har da sabulun wanke manyan rigunansa. Bai taɓa faɗa da bakinsa ba, ni ma ban taɓa goranta masa ba.

Maigidan nawa, Alhaji, dillalin hatsi ne. A da, in kaka ta yi, mota yake cikawa da masara da dawa daga ƙauyukan Kutama da Kara ya kai birni. A lokacin ya gina gidan da muke ciki, ya yi wa fuskarsa siminti da fenti, ya sa ƙofar ƙarfe. Wata shekara ya tara kaya, farashi ya faɗi, bai sake miƙewa ba. Yanzu hatsin mutane yake karɓa bisa amana, ya sayar, ya cire 'yar la'adarsa.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne bil ɗin wuta. Duk ƙarshen wata sai a cuso takardar ta ƙarƙashin ƙofa, kowace ta fi ta baya nauyi. Wutar ma ba wani zama take yi ba, leƙowa take kamar 'yar barka ta tashi. Alhaji ya ce tunda ni ke da firiza, ni ke da bil, kuma ban ga laifin maganarsa ba. Tun ina biya duka, na koma biyan rabi, saura ya hau kan na wata mai zuwa. Na san inda hanyar nan take kaiwa. In aka yanke mana wuta firiza ta tsaya, in firiza ta tsaya tukunya ta tsaya.

Sai na shiga yaƙi da wuta a cikin gidana. Na kwance ƙwan banɗaki da na kicin, sauran na canza su da masu farin haske da aka ce ba sa shan wuta. Dutsen guga na naɗe wayarsa na tura ƙarƙashin gado, na aro na gawayi. Hitar dafa ruwa na kyautar da ita. Fanka kuwa, a tsakiyar bazara, na kafa mata doka, ba a kunna ta sai in wani ba shi da lafiya. Duk bayan autata ya feso da ƙurajen zafi, tana kuka ina yi mata fifita da murfin kwali. Na zama 'yar sanda, ina bin soket ina kashewa, ina masifa. Yara har cewa suke in na shigo ɗaki ba sai an ɗauke wuta ba.

Da bil ya sake zuwa ya fi na baya. Na zauna a bakin rijiya da takardar a hannu na yi kuka sosai, irin kukan da ban yi ba tun rasuwar Baba.

A haka Malama ta same ni. 'Yar kudancin Kaduna ce, tana koyarwa a sakandaren 'yan mata, tana haya a gidan da ke bayanmu. Kunun aya ta shigo saya. Na zayyane mata duk abin da na kashe da abin da na kwance.

Ta ce, "Maman yara, ina mitarku take?"

Na ce, "Wace mita kuma?"

Ta fara dariya, da ta dubi fuskata sai ta haɗiye. Ta ja ni zuwa gidanta ta nuna mini wani ɗan akwati a jikin bango mai lambobi. Ta jona dutsen guga, na ga wata 'yar fitila tana ƙiftawa da sauri, ta cire, ta lafa.

"Mu abin da muka sha muke biya," in ji ta. "Ku kuwa kintace ake yi muku. Ko ki kashe komai ki koma aci-balbal, abin da aka yanka wa gidanku shi za a kawo."

Ashe duk watannin nan ɗiban ruwa nake da kwando. Na gasa 'ya'yana a banza, na ƙona wa Alhaji hannun riga da garwashi a banza. Na matsa masa ya je ofishin 'yan wuta neman mita. Ya dawo ya ce an ce a jira, ba su iso ba, in kuma gaggawa muke sai mu saya, kuɗin ya kai na ragon layya, ga maganar tsohon bashi a gaba.

Na ce to ni sai na ji da me ake kintacen. Ranar da na ji motsin mai raba bil na ja mayafi na tsaya a bayan ƙyauren zaure na yi masa sallama. Dattijo ne mai sanyin murya. Muka gaisa, ya tambayi maigida da yara da zafi, yana ta ce mini Hajiya, ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba.

Na ce, "Malam, don Allah me muke sha a gidan nan da ake yi mana wannan yanka?"

Ya ce, "Hajiya, gidan matan aure ne, ba ma shiga. Abin da ido ya gani daga waje shi muke rubutawa. Gida mai esi biyu ai ba a haɗa shi da gidan mai fanka."

Sai can na gane. Na'urar sanyaya ɗaki yake nufi, irin ta da wadda ake huda bango a cusa, bayanta yana waje. Alhaji ya sa guda biyu lokacin da duniya ke yi da shi, ɗaya a falon baƙi, ɗaya a turakarsa, duka suna kallon titi. Sun ƙone tun kafin in haifi auta, wata rana da aka kawo wuta da ƙarfi. Ɗaya ɓeraye sun cinye wayoyinta, ɗaya tsuntsaye ke sheƙa a ciki. Ni na daina ma ganinsu.

Na ce, "Malam, ai matattu ne."

"To Hajiya, matacce da mai rai daga titi kamarsu ɗaya. Ko maigida ya shiga da ni in gani da idona in kai bayani, ko a sauke su. Mu ma tambayarmu ake yi a sama."

Na koma ciki kamar an yi mini bushara. Ranar dambu na yi wa Alhaji, na zuba mai ban ji tsoro ba. Na bari ya ci ya sha ruwa mai sanyi, sannan na kwashe yadda muka yi da dattijon na faɗa masa.

Ya daɗe yana sakace. Sannan ya ce, "Ba za a sauke ba."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

Ya ce, "Kin san da me nake karɓar buhunan mutane? Ba ni da gona, ba ni da shago. Fuskar gidan nan ce jinginata. Manomi zai taso daga Dugabau ya tsaya a ƙofar nan, ya ɗaga kai, ya ce wannan ba zai gudu da hatsina ba. Ranar da aka ga ramuka biyu a bangon nan, kafin la'asar labari ya kai tasha, Alhaji ya fara sayar da kayan gida. Daga ranar ko tiya ba mai ba ni."

"To ka shigo da mutumin ya gani."

"Ya ga me? Falon da ba kujeru? Ɗakin da damina ta kayar muka kasa tayarwa? Mutumin da ke bin gida-gida, kike so in nuna wa cikina?"

Raina ya ɓaci, na ce, "Alhaji, kallon kitse ake yi wa rogo, ni kuma nake biyan kuɗin kitsen."

Na so ya yi faɗa in samu in amayar da sauran. Bai yi ba. Ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri zuwa kaka. Lokacin ko shuka ba a yi ba.

Babu inda ban buga ba. Na je Kabo na kai wa Inna kuka, ta saurare ni tsaf, ta ce asirin miji asirina ne, in koma ɗakina. Yayana ya zo har Gwarzo don ya yi masa magana, suka wuni suna hirar farashin taki, ya tafi bai iya buɗe bakin ba. Wata ranar kasuwa da Alhaji ba ya nan, masu sayen gwangwan suka wuce suna kira, har na kai hannu ga sakata in kira su su sauke esin. Na tsaya ina jin muryarsu tana nisa. Bangon ba nawa ba ne, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne na san akwai gaskiya a maganarsa.

Na ɗora duk fatana a kan azumi. Shekarun nan azumi a tsakiyar zafi yake zuwa, kuma wanda ya wuni da ƙishi ba ya tayin ƙanƙara. Na lissafa in aka yi sa'ar wuta zan rage bashin ya koma abin da za a iya roƙo a kai. Na karɓo bashin sukari da aya da leda, na cika firiza har murfi na ƙin rufuwa.

Ba mu yi nisa cikin watan ba, wata rana da hantsi, na ji tsayuwar mota da ƙarar tsani a jikin falwaya. Ban san lokacin da na isa zaure ba, mayafi a karkace. 'Yan wuta ne suka zo yanka. Na roƙe su, na ce su dubi Allah su dubi watan da muke ciki, su bar ni zuwa salla. Na ce ina da marayu, Allah Ya yafe mini, uban yana kasuwa da ransa. Wanda ke sama bai ko kalle ni ba. Na ƙasa ya ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, mu aiko mu aka yi." Suka naɗe wayar suka jefa a mota.

Kayan ba su gama daskarewa ba. Na lulluɓe firizar da barguna, na hana kowa buɗewa, ina zagaye ta kamar mai jinya. Kafin la'asar ƙanƙara ta koma ruwa a leda. Zoɓo da kunun aya kuwa ba sa kwana a wannan zafin, sai na juye su a bokitai na aika masallacin unguwa a yi buɗa-baki. Aka ce bayan magariba liman ya yi wa Alhaji doguwar addu'a, Allah Ya ƙara buɗi, Ya bar shi da halinsa na alheri. Alhaji ya shigo bai iya haɗa ido da ni ba.

Malama ta so a kai firizar wajenta, amma ɗakinta ɗaya ne, ko gadonta da kyar ya shiga. Aka yi ta juya magana, ƙarshe yayana ya ce matarsa za ta saya, su ba da wani abu yanzu, saura a hankali. Da wannan za a rage bashi a maido mana da waya. Wato in sayar da firiza in sayo wutar da ba ni da abin jonawa, kuma a ci gaba da kawo mini bil ɗin gida mai esi biyu. Na amince, don mai sukari ma yana jira.

Ranar Juma'a aka sa za a zo ɗauka. Da safe Alhaji ya tsaya a ƙofar ɗakina, ya yi gyaran murya, ya ce in lulluɓe ta da tabarma, a fita da ita lokacin da mutane ke masallaci. Na ɗauko soso da bokiti. Ina wanke ta ina rantsuwa a zuci, duk wanda ya tambaye ni yau sai na faɗa masa gaskiya tun daga tushe, in ya so bangon ya faɗo mana a ka.

Akori-kurar ta makara a hanyar Kabo, sai da aka sauko daga masallaci ta iso. Layin cike da mutane. Aka ciccibo firizar ta zaure, tabarmar ta zame, ga ta nan fara fes kowa na gani. Na biyo ta har bakin ƙofa, na kasa tsayawa a ciki. Alhaji na riƙe da igiya yana taya direba ɗauri, cikin farar babbar rigarsa ta Juma'a. Daga inda nake na ga yadda wuyansa ya rame a cikin rigar.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda in ta ji magana da azahar kafin la'asar ta kai bakin kasuwa, ta dogaro sandarta ta tsaya.

Ta ce, "Ke 'yar nan, lafiya? Ina za a kai mana ita ana tsakiyar azumi?"

Mutane suka juyo suna kallonmu. Alhaji bai ɗago ba, hannunsa dai ya tsaya a kan igiyar.

Na ce, "Gyara za a kai ta, Iya. Kwana biyu ba ta sanyi sosai."

Ta ce, "Ayya. Allah Ya sa a dawo da ita kafin salla."

Na ce amin. Motar ta tashi, na bi ta da ido har ta sha kwana.

Har yau in muka haɗu da tsohuwar a gidan suna ko gidan gaisuwa sai ta tambaye ni ko an gama gyaran, ni kuma in ce mata ana jiran kayan daga birni.